Safar Owlet a ƙafar jariri: abin da take gani da abin da ya fi ƙarfinta

Duk uwar da ta taɓa farkawa cikin talatainin dare ta ɗora tafin hannu a ƙirjin jaririnta don ta ji ko yana motsi, ta san abin da ya sa Owlet Dream Sock take ciniki. 'Yar safa ce ta yadi da ake ɗaura wa jariri a ƙafa, tana auna bugun zuciyarsa da yawan iskar oksijin da ke cikin jininsa, ta tura sakamakon zuwa waya. Kamfanin da ke yin ta yana jihar Utah a Amurka, inda ake sayar da ita kusan dala 300, kafin a ɗora kuɗin dako da na canji ga wanda zai yi odarta daga nan. Akasarin masu sayenta tsoron abu guda ne ke kai su: a kwantar da yaro lafiya lau, gari ya waye a tarar rai ya yi halinsa. Likitoci na kiran wannan SIDS, wato mutuwar fuju'ar jaririn da bai cika shekara ba, wadda ko an binciki gawar da wurin kwanciyar da tarihin lafiyarsa ba a gano sanadinta. Tunda don wannan ake sayenta, da wannan za mu auna ta.

A cikin kwalin akwai ƙwayar na'urar da ke yin awon, da safuna na yadi girma biyu, kowane girma da na ƙafar dama da na hagu, sai wani ɗan faifai da ake ajiyewa a gefen gadon iyaye. Faifan shi ne ke kaɗa ƙararrawa, kuma a kansa ake cajin ƙwayar. Cikakken caji kan ɗauki kamar minti 90, ya yi aikin awa 16 ko kusa da haka. Ƙwayar na magana da faifan ta Bluetooth, a tazarar da ba ta wuce mita 30 ba idan fili ne, amma bangon bulo biyu ya isa ya rage wannan tazara sosai. Shi kuma faifan yana hawa Wi-Fi mai 2.4 GHz don ya kai labari ga manhajar waya. An yi ta ne don lafiyayyen yaro ɗan wata 1 zuwa 18, mai nauyin kusan kilo 3 zuwa 13 da rabi. A lura da wannan iyaka: ɗan kwana goma da kuma bakwaini mai kilo 2, waɗanda su ne iyaye suka fi jin tsoro a kansu, ba sa cikin waɗanda aka amince a yi wa amfani da ita.

Ɗaurin shi ne rabin aikin. Ƙwayar na zama ne a gefen ƙafa na waje, bayan ƙaramin yatsa, fitilarta da idon da ke karɓar hasken su kama naman ƙafar sosai. In ɗaurin ya yi sako-sako, hasken ɗaki ya kutsa, awo ya rikice. In ya matse da yawa, jini ya ragu a wurin, ga jan tabo a fata da safe. Ana sauya ƙafa lokaci zuwa lokaci, a wanke yadin da hannu, a bar shi ya bushe ƙayau kafin a mayar. Faifan na nuna kore idan komai daidai, rawaya idan safar ta goce, shuɗi idan sadarwa ta yanke, ja kuma idan oksijin ya faɗi ƙasa da kashi 80 cikin 100 ko bugun zuciya ya fita daga iyakar da aka sa masa. Yawancin kukan da za ta yi da dare na rawaya ne da shuɗi: yaro ya yi shure-shure, ko an ɗauke shi zuwa wani ɗaki don shayarwa.

Dabarar awon iri ɗaya ce da ta 'yar na'urar da ake maƙala wa majinyaci a yatsa a asibiti. Fitila na haska haske iri biyu cikin nama, ja da kuma wani da ido ba ya gani. Jinin da ya ɗauki oksijin da wanda ya sauke shi ba sa shan waɗannan haskoki daidai wa daida, sai na'urar ta duba bambancin a duk bugun jijiya ta fitar da lamba. Abin da take gani ke nan: jinin da ya riga ya iso ƙafa. Ba ta ƙirga numfashi, ba ta ganin fuskar yaro ta nutse cikin matashi, ba ta kuma san yawan gurɓatacciyar iskar da ta taru a jininsa ba. Wannan na ƙarshen shi ne inda maganar take.

Inda matsalar take farawa

Numfashi ba a huhu ake ba da umarninsa ba. Can ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai ƙeya, inda take haɗuwa da lakar gadon baya, akwai wani ɓangare da bai fi babban yatsa ba, mu kira shi gindin ƙwaƙwalwa. A sashensa na ƙasa, wanda ake kira medula, akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin jijiya mai suna pre-Bötzinger, wanda Jeffrey Smith da Jack Feldman da abokan aikinsu suka bayyana a 1991 bayan gwaji a kan jariran ɓeraye. Shi ne makaɗin: shi ke buga kiɗan da ƙirji ke bi, a ja a saki, ba tare da mutum ya yi tunani ba. Sama da shi kaɗan akwai gungun Kölliker-Fuse, mai tsayar da jan iska a daidai lokaci ya kuma daidaita numfashi da haɗiya. Kusa da fatar medula akwai ƙwayoyin da ke ɗanɗana jini su ji ko iskar kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa, ta yi yawa. A wuya kuma, inda babbar jijiyar jini ta rabu biyu, akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu jin ƙarancin oksijin. Duk rahoton nan a gindin ƙwaƙwalwa yake taruwa.

A ɗauki jariri ɗan wata uku da aka kwantar rub da ciki a kan katifa mai laushi. Hancinsa ya lotsa yadin, ya yi ɗan rami. Iskar da ya fitar ta taru a ramin, ya sake shaƙar ta, ya sake fitarwa. Kabon dayoksaid na hawa, oksijin na sauka. A jikin lafiyayyen yaro, gindin ƙwaƙwalwa zai ji, sai ya yi ajiyar zuciya, ya zabura, ya ɗaga kai ko ya juya shi gefe, wataƙila ya tsala kuka. Shi ke nan, ya tsira, uwar ma ba ta san an yi ba. In wannan farkawa ba ta samu ba, oksijin ya ci gaba da faɗuwa har yaron ya suma, bugun zuciya ya yi ƙasa, to akwai dabara ta ƙarshe da Allah ya ajiye a wannan wuri: wata irin sheƙa mai ƙarfi, jefi-jefi, wadda kan jawo iska ta farfaɗo da zuciya. Fahimtar da masana suka fi karkata a kai ita ce, a mutuwar fuju'ar jarirai matakan nan biyu ne suke gazawa: yaron bai farka ba, sheƙar kuma ba ta tashe shi ba.

Wadda ta fi kowa bin diddigin wannan ita ce Hannah Kinney ta asibitin yara na Boston. A 1994 ita da James Filiano suka tsara bayanin da har yau ake aiki da shi, cewa sai abu uku sun haɗu: yaro mai ɓoyayyen rauni, lokacin girma mai haɗari, da wani abu daga waje da ya takura numfashi. Lokacin mai haɗari shi ne wata 2 zuwa 4, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na waɗannan mace-mace kafin wata 6 suke faruwa. Raunin kuwa, ayarinta ya gano shi a ƙwayoyin medula masu aiki da sinadarin sirotonin, waɗanda ke da hannu a farkawa daga barci da jin kabon dayoksaid. A rahotonsu na 2010, sirotonin a medular jariran da suka yi irin wannan mutuwa ya gaza na sauran jarirai da kashi 26 cikin 100. Babu gwajin jini ko hoto da zai nuna wannan rauni a jikin yaro mai rai. A 2022 labari ya karaɗe duniya cewa masu bincike a Sydney sun gano sanadin ta hanyar wani sinadari a jinin jarirai, amma awon yaran da suka rasu da na waɗanda suka rayu sun shiga juna sosai, ba a iya ware yaro ɗaya da shi.

Yanzu a dawo kan safar. Lokacin da lamba za ta sauka ƙasa da 80 a ƙafa, an riga an wuce matakin farkawa. Wani zai ce, ai ko a makare ne, ƙararrawa ta fi shiru. Magana ce mai ma'ana, kuma ba mu ce ba ta taɓa amfanar kowa ba. Sai dai an daɗe ana gwada wannan tunani. A 1972 wani likita a Syracuse ta jihar New York, Alfred Steinschneider, ya wallafa cewa ɗaukewar numfashi cikin barci ita ce mafarin mutuwar, kuma abin na bin dangi. Daga nan kasuwar na'urorin sa ido a gida ta buɗe. Biyu daga cikin yaran da ya kafa hujja da su 'ya'yan wata mata ce, Waneta Hoyt, wadda kotu ta samu da laifin kashe 'ya'yanta biyar a 1995. Sannan babban binciken CHIME, da aka wallafa a 2001 bayan sa ido kan jarirai fiye da 1,000 a gidajensu, ya nuna cewa munanan ɗaukewar numfashi sun fi yawa ne ga bakwaini, kuma suna raguwa tun kafin a kai watannin da mutuwar fuju'a ta fi yawa. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne bayanan da Christian Poets ya nazarta a 1999, na jariran da suka rasu alhali na'ura na jikinsu: a yawancinsu faɗuwar bugun zuciya ce ta tada ƙararrawa, ana ganin sheƙar a rubuce, amma zuciyar ba ta dawo ba.

Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a jagorarta ta 2022, ta ce kada a dogara da irin waɗannan na'urori don rage haɗarin SIDS. Shi kansa kamfanin bai yi iƙirarin safar na hana shi ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta rubuta masa takardar gargaɗi a Oktoban 2021 kan sayar da tsohon samfurin, Smart Sock, ba tare da izinin na'urar lafiya ba, aka janye shi daga kasuwar Amurka. A Nuwamban 2023 hukumar ta amince da Dream Sock. Amincewar kan awo ce, wato lambobin da take nunawa sun kai a kula da su. Ba shaida ba ce cewa tana rage mutuwa.

Ingancin awon, da abin da ke ɓata shi a gidajenmu

A 2018 Christopher Bonafide da abokan aikinsa a asibitin yara na Philadelphia sun gwada Smart Sock 2 a jikin jarirai 30 tare da na'urar asibiti. Ta gano ƙarancin oksijin a duka yara 12 da suka same shi, amma a 5 daga cikinsu akwai lokacin da ta nuna lafiya ƙalau alhali oksijin na ƙasa. Ɗaya na'urar da aka gwada tare da ita, Baby Vida, ko sau ɗaya ba ta gano ba. Samfurin yanzu ya fi wancan sabunta, amma darasin na nan ga mai ganin safuna marasa suna masu araha a kasuwar intanet: kamannin waje ba ya nuna komai.

Akwai kuma maganar launin fata. A Disamban 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan sun nuna cewa irin wannan awo na haske ya fi ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farare. A kan manya aka yi binciken, da na'urorin asibiti, amma dabarar hasken ɗaya ce, kuma kuskuren ta ɓangaren da ya fi muni yake: lamba ta nuna sama da gaskiya. Sanyin ƙafa a lokacin hunturu ma yana raunana bugun da na'urar ke kamawa.

Mafi haɗari shi ne hayaƙi. Kaskon garwashi da ake shigar wa mai jego ɗaki a rufe ƙofa da taga, ko janareta a bakin taga, suna fitar da iskar kabon monoksaid, marar wari marar launi. Jinin da ya sha wannan guba, a idon na'urar, kamar mai cike da oksijin yake. Faifai zai yi ta nuna kore yaro na shan guba. Haka yaron da maleriya ko sikila ta ƙarar wa jini: ɗan jinin da ya rage yana iya nuna 98, alhali bai isa ya ciyar da jiki ba.

Sai wuta. Faifan da igiyar USB yake aiki, in an ɗauke wuta ya mutu, ƙararrawa ta tafi da shi. Wanda ba shi da sola ko inbata sai ya jona shi a fawa bank, ya kuma gwada da rana ya tabbatar ba ya kashe kansa. In intanet ce kawai ta yanke, faifan zai ci gaba da kuka, wayar ce za ta yi shiru, don haka a gefen gado ake ajiye shi, ba a falo ba.

Ga masu juna biyu, safar ba ta da abin yi, amma tushen matsalar na iya komawa tun ciki. Cibiyar Lino Rossi ta Jami'ar Milan, inda Luigi Matturri da Anna Lavezzi suka yi aiki, ta ba da rahoton rashin cikar wasu daga waɗannan gungu na gindin ƙwaƙwalwa a jikin 'yan tayin da suka mutu a ƙarshen ciki ba sanadi, da kuma alaƙarsa da shan tabar uwa. Ba duk masana suka yarda da fassararsu ba, amma Italiya ta yi doka a 2006 da ta wajabta binciken gawar irin waɗannan jarirai da 'yan tayin da suka wuce mako 25. 'Yar na'urar jin bugun zuciyar ɗan tayi da ake sayarwa don gida ba mu ba da shawararta ko kaɗan: mace kan ji bugun jijiyarta ko na mabiyiya ta ɗauka yaro ne, ta fasa zuwa asibiti. In motsin ciki ya ragu ko ya sauya, a ranar ake zuwa awo. Daga mako 28 kuma a riƙa kwanciya a gefe, ba rigingine ba.

Wa ya kamata ya saya

Abin da ya rage wannan mutuwa da fiye da rabi a Amurka bayan gangamin wayar da kan iyaye na 1994 ba na'ura ba ce, kwantar da yaro rigingine ne. Daga cikin abubuwa ukun nan da Kinney da Filiano suka ce sai sun haɗu, na ukun kaɗai, wato abin da ke takura numfashi daga waje, ke hannun iyaye. A kwantar da shi a bayansa a kowane barci, har na rana, domin yaron da ya saba rigingine in wata rana kaka ko mai reno ta kifa shi, haɗarin ya fi yawa. Shimfiɗa ta zama mai tauri, a miƙe, zanen a ɗame. Babu matashi, babu bargo mai kauri, babu 'yar tsana. Gidan sauro a ɗaure shi tamau, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa yadda ba zai faɗo masa a fuska ba. Ɗaki ɗaya da uwa, makwanci daban, aƙalla wata 6. Mun san a gidaje da yawa gado ɗaya ake kwana. Inda haka ya zama dole, a raba yaron da matashi da bargon manya da sauran yara, kuma kada a yi shi sam idan bakwaini ne, ko akwai mai shan taba, ko wanda ya sha maganin da ke sa barci. Gyangyaɗi da jariri a kan kujerar kushin ya fi duka haɗari. A cire hula a cikin ɗaki, a taɓa ƙeya ko ƙirji: in da gumi, kaya sun yi yawa. Naɗe yaro cikin zane ya ƙare da zarar ya fara yunƙurin juyawa. Nonon uwa da allurar rigakafi a kan lokaci duk suna rage haɗarin.

Wanda ya cika waɗannan, yana da wuta tsayayya da halin kuɗin, kuma ganin koren haske zai sa mai jego ta samu barci, to Dream Sock ta fi takwarorinta marasa rajista nesa ba kusa ba, kuma ƙirarta mai kyau ce. Wanda lambobi za su hana shi runtsawa, gara ya bar ta: lafiyayyen jariri kan dakata da numfashi na daƙiƙa 5 zuwa 10 ya ci gaba, oksijin kan ɗan sauka ya hau, duk ba ciwo ba ne. Yaro mai ciwon zuciya ko huhu, ko wanda aka sallamo da oksijin, likitansa ne zai zaɓa masa na'ura. Abin da muke tsoro ƙwarai shi ne uwa ta ce tunda safa na ƙafarsa, bari a kifa shi ya fi jin daɗin barci. In kuɗin abu ɗaya ne a hannu, a sayi ɗan gado mai katifa mai tauri.

In kuwa jan haske ya kama, yaron za a duba, ba waya ba. A kunna fitila, a duba leɓɓa da harshe da dasashi, domin a fata mai duhu a nan shuɗi ko fari ke fara bayyana. A kira shi, a shafa bayansa, a ɗan mari tafin ƙafa, amma kada a girgiza shi. In ya farka da kuka, launinsa daidai, a gyara ɗaurin a sake dubawa, in ta maimaita a kai shi asibiti. In numfashi ya tsaya daƙiƙa 20, ko jiki ya saki, ko sai sheƙa jefi-jefi, a ɗora shi rigingine a wuri mai tauri, wani ya nemo mota ko ya kira agaji. A zagaye ƙirjin da hannu biyu, manyan yatsu a tsakiya, ƙasa kaɗan da layin nonuwa, a danna zurfin kusan santimita 4, sau 100 zuwa 120 a minti. Bayan kowane danni 30, a rufe bakinsa da hancinsa da baki a hura sau 2 a hankali, daidai yadda ƙirji zai ɗaga, kan yana miƙe ba a tanƙware baya ba. A ci gaba a haka har cikin mota. Wannan aiki da hannu ake koyonsa, don haka tun kafin a bar asibiti bayan haihuwa a roƙi nas ko ungozoma ta nuna wa uwa da uba da duk wanda zai riƙa kwana da yaron.